Zuwa ga aminina, kan maganar girin kad

Assalamu alaikum mutumina, ya gida ya iyali, ya madam da yara? Saƙonka ya iso tun makon jiya, aiki ne ya sha kaina, ka yi haƙuri.

Maganar mutumin nan da ya ce ka kawo kuɗi zai nemo maka kamfanin da zai tsaya maka a Amurka ka samu girin kad, wato takardar zaman dindindin, don Allah kar ka ba shi ko sisi. Matakin farko da ake kira PERM, wato neman amincewar ma'aikatar ƙwadago, doka ce ta ce kamfani zai biya kuɗinsa har da na lauya, ba ma'aikaci ba, to duk wanda ya ce kai za ka biya ka san da lauje cikin naɗi.

Bari in ba ka nawa labarin. Ni da H-1B na shigo, kuma ita biza ce ta aiki kawai, shekara 6 ce iyakarta sai in neman girin kad ɗinka ya yi nisa a ƙara maka, ba zaman dindindin ba ne kamar yadda mutane ke zato. Guda 85,000 ake bayarwa a shekara, masu nema sun fi haka nesa ba kusa ba. Da kamfaninmu ya yarda zai nema min girin kad, sai da suka tallata aikina a jarida ranar Lahadi har sau biyu don su nuna wa ma'aikatar ƙwadago cewa babu Ba'amurken da ya cancanta yake so. Ka ga ni zaune a kan kujerata ina karanta tallan kujerar tawa, albashi da komai, wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Bayan nan aka shigar da I-140, wato takardar da kamfani ke kai wa hukumar shige da fice don nema maka girin kad, sai jira.

Jiran nan shi ne abin da ba a faɗa wa mutane. Girin kad ta hanyar aiki kusan 140,000 ne a shekara, kuma mata da yara a ciki ake ƙirga su, sannan ba ƙasar da ke wuce kashi 7 cikin ɗari, ƙasar da aka haife ka ake dubawa ba fasfo ɗinka ba. Ranar da aka shigar da takardarka ita ce lambarka a layi, duk wata sai ka buɗe Visa Bulletin, sanarwar da gwamnati ke fitarwa kan inda layi ya kai, ka ga ko layi ya motsa, wani watan ma baya yake komawa. Akwai wani ɗan Indiya a ofishinmu, ya fi shekara 10 yana jira, ɗansa ya kusa cika 21 ya fita daga takardar uban. In na gan shi sai in daina ƙorafi. Kuma duk tsawon lokacin wuyanka na hannun kamfani, in suka sallame ka kwana 60 gare ka ka samu wani ko ka tattara, shi ya sa na haɗiye abubuwa da yawa daga wani oga da ba zan haɗiye ba a da.

Yanzu ga inda nake so ka saurara. Kai injiniya ne mai digiri ɗaya, a cikin rukunonin girin kad ta hanyar aiki EB-3 za ka faɗa, sai ka samu kamfani tukuna. EB-1 ta manyan masana ce, ita kuma NIW da mutum ke nema wa kansa ba kamfani tana son digiri na biyu ko ƙwarewa ta musamman da hujjoji masu nauyi. Amma madam nas ce ai! Nas-nas suna cikin jerin Schedule A, gwamnati ta riga ta yarda ana ƙarancinsu, ba sai an yi wancan tallan jaridar ba. In ta ci jarabawar NCLEX ta lasisin nas da ta Turanci, ta samu takardar VisaScreen mai tantance karatunta, asibiti ya shigar mata I-140, kai da yara ku biyo ta a takarda ɗaya, kuma da girin kad ɗinku za ku sauka, ka yi aiki inda ka ga dama. Layi dai za ku bi kamar kowa. Kwantiragin kawai za ku karanta da kyau, wasu kamfanonin ɗaukar nas suna ɗaure mutum shekaru, in ya fita kafin lokaci su ce ya biya tara mai yawa.

Na san za ka ce wato ita za ta ja ka, eh ita ce, sai ka fara lallaɓa ta tun yanzu. Ka turo min hoton takardar da mutumin ya ba ka in gani. A gaida su Hajiya.

Naka,
amininka