A Tuna Da Adolf Overweg Ma

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Kullum aka tabo tarihin Turawan da suka ratso Sahara zuwa ƙasar Hausa da Borno, sunan Heinrich Barth kaɗai ake ji. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg kuwa an bar shi a baya, kuma abin yana damuna.

Bajamushe ne, haifaffen Hamburg a 1822, masanin duwatsu da yanayin ƙasa. Sun baro Tarabulus a 1850 tare da James Richardson, Baturen Ingila da ya jagoranci tafiyar, ɗauke da jirgin ruwa da aka rarraba gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma. Ka duba wannan wahala, jirgi a tsakiyar rairayi! Daga Tasawa ya nufi Maraɗi da Gobir shi kaɗai, sannan a 1851 ya harhaɗa jirgin ya shiga Tafkin Chadi har tsibiran Buduma, abin da babu Baturen da ya taɓa yi kafinsa.

Zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari, kusa da Kukawa, a Satumban 1852, yana da shekara 30, bai samu rubuta littafinsa ba. Ina roƙon ku ware masa shafi guda a filinku na tarihi.

Naku,
Mai karatu daga Maiduguri