Zagin intanet yana cin yaranmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin iyaye kan cin zarafin da ake yi wa matasa a Facebook, TikTok da WhatsApp. A da, yaro kan tsira daga masu tsangwama idan ya dawo gida. Yau wayar tana tare da shi har kan gado, hoton da aka yi masa izgili da shi yana ta yawo. Daga nan sai rashin barci, ƙin zuwa makaranta, damuwa mai tsanani, wasu ma har tunanin kashe kansu.

Yawancinsu suna ɓoyewa ne don tsoron a ƙwace musu waya. Don Allah iyaye, ku saurare su kafin ku yi faɗa, ku taya su adana hujja a kai ƙara.

Wassalam,
Wata uwa mai damuwa