Sanarwa: Fitar ɗaukar hoto ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Gardamar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wai fim ko dijital, za mu kai ta fili. Asabar mai zuwa bayan sallar La'asar mu haɗu a gindin Hasumiyar Gobarau, daga nan mu taka zuwa Ƙofar Soro kafin rana ta faɗi.

Mun samo aron tsofaffin kyamarorin fim guda biyu. Naɗi ɗaya hoto 36 kawai yake ci, kuma ba mai ganin abin da ya ɗauka sai an wanke. Saboda haka kowa sau 3 zai danna, sannan ya maimaita da wayarsa mu kwatanta. Ni dai ina jin fim zai fi fito da jar ƙasar hasumiyar, amma ido ne alƙali.

Don Allah kada wanda ya buɗe bayan kyamara. Haske na shiga, fim ya ƙone, shi ke nan.

Kuɗin fim da wanki naira 2,000 ne kowane mutum, a tura wa ma'aji kafin Alhamis. Mai zuwa ya rubuta sunansa yau.

Na gode, Allah ya kai mu lafiya.