Abba, kada ka hau gadar nan da motar a haka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Agege baki ɗaya. Mu nan sai godiya, ƙafar ma ta yi sauƙi.

Baffanka ya dawo ranar Talata, kuma tun bai sha ruwa ba ya ba ni labarin da ya hana ni barci. Ya ce da ka ɗauko shi daga Mile 12, duk inda kuka tsaya a cunkoso sai motar ta kama rawa kamar mai masassara, sitiyari na karkarwa, kai kuma ƙafa ɗaya a birki ɗaya a totur don kada ta mutu. Duk da haka sau biyu ta mutu kafin ku wuce Ikeja. Da ya yi magana ka ce ai silo ne kawai, wato juyin inji idan mota tana tsaye, bakanike zai ƙara.

Abba, shekara 26 na yi ina tuƙi a Legas. Ƙara silo rufe gyambo ne da tsumma. Inji mai lafiya, idan ya yi zafi, allurar da take nuna juyinsa takan zauna wajen 700 zuwa 800 ba ta motsi. In ka ga tana hawa tana sauka, akwai abin da yake ci a ciki, kuma fulogi ake fara tuhuma.

Ka bari sai da safe inji ya huce sarai, don in ka kwance fulogi da zafi kana iya cinye zaren kan inji, kuɗin gyaransa kuwa ya fi ƙarfinka yanzu. Ka fito da su huɗun, ka jera a kan kwali yadda suke a inji, ka duba bakin kowanne da kyau. Mai launin toka ko ƙasa-ƙasa lafiyarsa ƙalau. Wanda ya yi baƙi ƙirin a bushe kamar gindin tukunya, fetur ne ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sai ka fara duba filtar iska. Wanda ya jiƙe da baƙin mai a bakinsa, mai ne yake shiga inda wuta take ci, ko ringi ko sil ɗin bawul, kuma ko ka sa sabo zai sake ɓaci. In kuwa a ramin fulogin ka tarar da mai ya kwanta, gasket ɗin murfin sama ne, wannan da sauƙi. Wanda ya yi fari fat, inji na zafi fiye da kima. Ka dubi tsakanin bakin da ƙugiyar nan, bai kamata ya wuce milimita ɗaya da ɗan abu ba. In ya cinye ya buɗe, kwayil ne yake shan wahalar tsallakar da wuta, har shi ma ya ƙone.

In fulogan ba su nuna laifi ba, ka tada motar, ka riƙa zare soket ɗin kwayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka zare rawar ta ƙaru, yana aiki. Wanda ka zare ba abin da ya canza, ga ɓarawon nan. Ka kuma kasa kunne ko za ka ji tsaki-tsaki kamar na maciji, tiyon iska ne ya tsage, tsohuwar mota ba ta rasa shi. Kada lissafin kilomita ya yaudare ka. Awa biyu a cunkoson Oshodi, mita ba ta ƙirga komai, amma fulogi yana ta ci.

Idan ka je Ladipo, kasuwar kayan mota, ka tafi da tsohon a hannunka, ka sayi lambarsa daidai, NGK ko Denso, huɗun gaba ɗaya. Jabu sun yi yawa, wanda aka ce maka rabin kuɗi ka bar musu kayansu. Wajen ɗaurawa ka fara murzawa da hannu kafin ka sa sifana.

Duk wannan ba shi ne ya tashe ni tsakar dare ba. Gadar Third Mainland ce. Na ji yanzu kana kai fasinja Obalende kana dawowa ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Kusan kilomita 12 ce, ruwa dama ruwa hagu, ba bakanike, ba masallaci, ba ɗan'uwa. Motar da take mutuwa a Ikeja da rana tsaka, wa ya ba ka tabbacin ba za ta mutu a can ba? Na bayanka yana tafe a guje, bai san ka tsaya ba. In Allah ya tsare ka daga shi, ga masu fitowa daga duhu. Ka san yadda aka kawo mana yayanka. Ka san halin da mahaifiyarku ta shiga, har yau ba ta son a buga waya bayan isha'i. Kuma kai ne za ka ce wa baffanka silo ne kawai? Kuɗin fulogi huɗu ne ya gagare ka, ko taurin kan nan naka ne?

Na san abin da kake faɗa, cewa tsohuwar mota na bar maka. Haka ne. Da aka hana acaɓa a 2022 ka zauna ba aikin yi, ba ni da abin da ya fi ta, kuma ita ta ciyar da ku ta aurar da ƙannenka biyu. Ban taɓa barinta ta kwana tana rawa ba. Na kuma san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi, to ka sani silinda ɗaya in ba ta ci, fetur ɗin da bai ƙone ba kake zubarwa ta salansa.

Ka yi haƙuri in na yi zafi, uba ne. Na ba baffanka ɗan abin da ya samu zai tura maka, ka cika ka saya. Kafin nan ka tsaya tsakanin Agege da Ikeja, kuma ka shigo gida kafin magariba. In ka kwance su ka ɗauki hoton bakin kowanne ka turo ta wayar ƙanwarka, ina so in gani da idona.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan takwararta. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka