Gyara Kan Asalin Wasan Kurket da Tarihin Ƙungiyar Ƙauyen Hambledon

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatanku, na rubuto ne game da shirinku na wasanni wanda aka tuna nasarar da 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka samu a kan New Zealand a gasar kurket ta duniya da aka yi a Malesiya a watan Janairun 2025. Na ji daɗi ƙwarai da kuka ba wannan wasa fili, domin ba kasafai ake jin labarinsa da Hausa ba. Sai dai mai gabatarwa ya ce kurket wasan attajiran Landan ne tun asali, kuma a filin Lord's, shahararren filin kurket na birnin, aka haife shi. Wannan magana tana buƙatar gyara, domin ta shafe sunan wani ƙaramin ƙauye da manomansa da masu sana'arsa, waɗanda a hannunsu wasan ya samu kamannin da muka san shi da su a yau.

Sunan ƙauyen Hambledon, yana gundumar Hampshire a kudancin Ingila, arewa da garin Portsmouth. Ba a can aka ƙirƙiro wasan ba, ko da yake ana yi wa wurin laƙabi da shimfiɗar jaririn kurket. Tun a ƙarshen ƙarni na 16 wani mutum ya shaida wa kotu a garin Guildford cewa shi da abokansa sun buga wasan a wani fili suna 'yan makaranta, kuma an rubuta dokokinsa tun 1744. Abin da Hambledon ta yi shi ne raino. Daga shekarun 1760 zuwa na 1780 ƙungiyar wannan ƙauye ce ta fi kowace ƙarfi a Ingila, alhali sai a 1787 aka buɗe filin Lord's na farko aka kuma kafa ƙungiyar Marylebone da ta gaji ikon tsara dokokin wasan.

Filin ƙungiyar wani tudu ne da ake kiwon tumaki a kansa, mai suna Broadhalfpenny Down, can bayan gari. A gefensa akwai wani masauki mai suna Bat and Ball, wanda kyaftin ɗin 'yan wasan, Richard Nyren, yake gudanarwa, kuma nan ne matattarar ƙungiyar. Membobin da ke biyan kuɗin shekara masu hali ne na yankin, har da wani limamin coci mai suna Charles Powlett wanda ya tsaya wa ƙungiyar tsayin daka, amma waɗanda ke shiga fili su yi gumi talakawa ne. John Small baduku ne mai ɗinkin takalma daga Petersfield, wanda ya koma yin ƙwallo da katakon bugu da hannunsa. David Harris, wanda aka yi ittifaƙi babu kamarsa a jifa a zamaninsa, maginin tukwane ne. William Beldham manomi ne, ya kuma rayu har 1862 yana da shekara 96. Waɗannan mutane kowa da sana'arsa, ƙungiya tana ba su ɗan abin da ya samu na ladan wasa da kuɗin hanya, su gama su koma gona ko rumfa.

Abubuwa biyu da suka faru da 'yan Hambledon sun isa su nuna zurfin sawunsu a cikin wasan. A 1771, a wata karawa da suka yi da ƙungiyar garin Chertsey, wani ɗan wasa mai suna Thomas White ya shigo fili da katakon bugu mai faɗin da ya rufe gaba ɗaya turakun da mai jifa yake hari da ƙwallo domin ya fitar da mai bugu, kuma babu dokar da ta hana shi. 'Yan Hambledon ba su tsaya ga ƙorafin baki ba. Nyren da Small da Thomas Brett suka sa hannu a takarda cewa faɗin katako kada ya wuce inci 4 da kwata, aka shigar da wannan cikin dokokin 1774, kuma har gobe da wannan ma'auni ake aiki a Indiya da Ostireliya da Legas. Na biyu ya faru a 1775. A lokacin turaku biyu ake kafawa, da tazara a tsakaninsu. Shahararren mai jifa Lumpy Stevens ya jefa wa John Small ƙwallo ta wuce ta tsakanin turakun har sau uku ba ta taɓa ko ɗaya ba, aka ga cewa an ƙwari mai jifa, daga nan aka ƙara turke na uku a tsakiya. A wannan zamani ne kuma aka bar gangaro ƙwallo a ƙasa aka koma jefa ta ta dira ta tashi, abin da ya tilasta barin tsohuwar sanda mai lanƙwasa irin ta ƙwallon gora aka koma miƙaƙƙen katako, wanda Small yana cikin waɗanda suka fara ƙwarewa da shi.

Ranar da tauraronsu ya fi haskawa ita ce ta Yunin 1777 a Sevenoaks, inda suka kara da zaɓaɓɓun 'yan wasan sauran Ingila. Hambledon ta tara maki 403 a zagaye guda, James Aylward shi kaɗai ya ci 167, abokan karawarsu kuwa suka yi zagaye biyu ba su kamo su ba, aka tashi da ratar maki 168. Ina roƙon mai karatu ya auna wannan da kyau: ƙungiyar da ke taruwa a masaukin ƙauye ta lallasa ƙasa guda.

Ba zan ɓoye abin da ba shi da kyau a tarihin ba. Caca ce ta riƙa jawo manyan masu sarauta zuwa ga wasan, ana zuba ɗaruruwan fam a kan karawa ɗaya, kuma taron membobi ba ya rabuwa da shaye-shaye. Wannan dogaro da aljihun manya shi ne ya zama ajalin ƙungiyar. Aylward da ya ci musu 167, ba a daɗe ba wani attajirin Kent mai suna Sir Horace Mann ya ɗauke shi aiki a gidansa domin ya riƙa buga masa wasa. A 1782 aka bar tsohon tudu aka koma Windmill Down kusa da gari. Da aka buɗe Lord's, masu kuɗin suka ga babu dalilin doguwar tafiya a keken doki zuwa ƙauye alhali ga fili a Landan, gwanayen 'yan wasa kuma suka bi su. Nyren kansa ya bar ƙauyen a 1791, yaƙi da Faransa ya ɓarke a 1793 ya kwashe wasu, kuma a littafin taron ƙungiyar na 1796 magatakarda ya rubuta cewa babu ko ɗaya daga cikin manya da ya halarta. Wannan gajeren layi ya fi taɓa ni fiye da duk labarin nasarorin.

Abin da ya hana sunayensu ɓacewa shi ne rubutu. Littafin taro ya tsira, takardun maki sun tsira, har masana suna lissafa karawar da aka yi a tudun a 1772 a matsayin ta farko cikin manyan wasannin da ke da cikakken lissafi. Sannan ɗan Richard Nyren, wato John, wanda ya tashi yana kallon waɗannan mutane, ya ba da labarinsu a littafin da aka buga a 1833, ya siffanta kowa da halinsa da irin jifarsa. Tudun ya koma gona shekaru da dama, sai a 1908 aka sake buga babban wasa a kansa aka kafa dutsen tunawa, daga baya makarantar Winchester ta mallaki filin. Yau 'yan sa kai ne suke kula da shi suna buga wasa lokacin bazararsu, ƙauyen kuma yana da ƙungiyarsa ta masu sha'awa da ke wasa a filin Ridge Meadow, babu albashi, babu caca ta ɗaruruwan fam.

Saboda haka, ranka ya daɗe, roƙona biyu ne. Na farko, a gyara waccan magana a shiri na gaba, a faɗa wa masu sauraro cewa Lord's ta karɓi wasan ne bayan Hambledon ta raine shi. Na biyu, a ware fili guda a karanta labarin baduku Small da maginin tukwane Harris da manomi Beldham, a kuma gayyato wani daga cikin masu horar da yaranmu kurket ya bayyana da Hausa yadda ake ƙirga maki da yadda ake fitar da mai bugu, domin wanda ya ji sakamakon 'yan matanmu ya fahimci abin da suka yi a fili.

Wassalam.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Kaduna.