Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni wa ke zubar mana da mutunci

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ka bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, ka ce: ashe ba masu zanga-zanga ba ne suke zubar da mutuncin Najeriya a idon duniya, har ake yi wa dimokuraɗiyyarmu kallon ta jeka-na-yi-ka? Lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa, shi ya sa na rubuto.

Ban ƙi ta taka gaba ɗaya ba. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agustan 2024 an fasa wurare a Kano an kwashi kayan jama'a, wasu matasa kuma suka ɗaga tutar Rasha suna kiran sojoji su karɓi mulki. Abin ya yi mini ciwo, kuma ba zan kare shi ba.

Amma ranka ya daɗe, duniya ta saba ganin tarzoma. An yi ta a Faransa, an yi ta a Kenya a shekarar 2024. Abin da ake zuba wa ido shi ne yadda hukuma za ta yi da mutanenta idan sun fusata. Tuna ranar 1 ga Nuwamban 2024, a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Aka shigo da yaran da aka kama lokacin zanga-zangar, wasu ko gemu bai fito musu ba, duk sun rame, bayan kusan wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, lauyoyi na rirriƙe su. Aka sa belin kowane naira miliyan 10, alhali iyayen da yawansu kwanon masara ma yana gagararsu. Kafin dare hotunan sun zaga duniya. Wa ya kai yaran nan kotu, Alhaji? Masu zanga-zanga?

Sai da surutu ya yi yawa Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Ka kuma lura, a lokacin shi ne shugaban ECOWAS, ƙungiyar da ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da sunan kare dimokuraɗiyya. Da wane baki za mu yi wa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram wa'azin mulkin farar hula bayan sun ga wannan?

Dubi Senegal. A Fabrairun 2024 shugaban ƙasar na lokacin, Macky Sall, ya ɗage zaɓe, gari ya rikice, aka rasa rayuka. Kotun tsarin mulki ta ce ɗagewar ta saɓa doka, shugaban ya bi, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye ya ci kwana goma da fitowarsa daga kurkuku. Rikicin ya faru, amma martabar ƙasar ƙaruwa ta yi, domin an ga kotu ta taka wa mai mulki birki kuma ya tsaya.

Mu kuwa ai mun taɓa ɗanɗana zubewar mutunci. Rataye ɗan gwagwarmayar nan Ken Saro-Wiwa da mutum takwas da gwamnatin soja ta yi ranar 10 ga Nuwamban 1995 shi ya sa aka dakatar da mu daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, ba mu koma ba sai 1999.

Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar Agusta, a jihohin Borno, Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Neja. 'Yan sanda sun musanta. To a yi bincike a fili, a kira iyayen mamatan su faɗi abin da suka gani, wanda ya yi harbi ba bisa ƙa'ida ba ya fuskanci alƙali, wanda ya saci kayan jama'a shi ma haka. Kai dattijo ne, ana jin maganarka a masallaci da kasuwa. Ina roƙonka ka sa bakinka a wannan kiran.

Wassalam.