Tabon kunnen 'yata ya ƙi kwanciya, ko mu yarda a haska mata lesa?

Assalamu alaikum Likita. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara basira. Ina bin filinka na amsa tambayoyin lafiya daga nan Agege, Legas. Don Allah a sakaya sunana, domin maganar ta shafi budurwa ce da aka sa wa ranar aure.

'Yata ce, shekararta 23. Hujin kunnen da aka yi mata tana jaririya bai taɓa ba ta matsala ba. Da ta girma sai ta ƙara huji na biyu a kunnen hagu kamar yadda 'yan mata ke yi. Wurin ya warke lafiya, amma bayan wasu watanni wani ɗan ƙululu ya ɓullo a bayan kunnen, ya yi ta girma har ya kai ƙwallon dabino. Yana da tauri, yana sheƙi, ga ƙaiƙayi da suka, musamman idan zafin Legas ya taso gumi ya jiƙa shi a cikin hijabi. Akwai wani ƙarami a tsakiyar ƙirjinta, inda ƙurji ya taɓa fito mata. Mahaifiyata ma tana da irinsa a kafaɗa, a inda aka yi mata lamba tana yarinya, shi ya sa nake ganin abin a jininmu yake.

An yanke na kunnen a wani ƙaramin asibitin kuɗi, sai ya dawo ya fi da girma. Daga baya ne wata likitar fata ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce tabo mai tudu iri biyu ne. Akwai wanda ke tsayawa iya faɗin ciwon, kuma sau da yawa yakan kwanta da kansa a hankali. Akwai kuma keloid, wanda ke ƙetare iyakar ciwon ya ci lafiyayyar fata, saboda jiki ya kasa daina ƙera sinadarin kolajin da yake ɗinke rauni da shi. Ta ce ya fi kama baƙar fata, ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, kuma idan aka yanke shi kawai ba a haɗa da wani magani ba, galibi dawowa yake yi. Ta ɗora ta a kan allurar triamsinolon da ake yi a cikin tabon kansa duk bayan mako 4 zuwa 6. Na ƙirjin ya yi laushi, ƙaiƙayin ya ragu ƙwarai, sai dai fatar gefensa ta koɗe ta yi fari-fari. Na kunnen kuwa ɗan kaɗan ya saki. Ga allurar da zafi, ina ganin yarinyar nan tana matse hawaye.

Yanzu ƙawayenta sun cika mata kunne da maganar lesa, wato hasken nan mai ƙarfi da ake haska wa fata da na'ura. Kullum sai sun turo mata tallar wuraren gyaran fata na Lekki da Ikeja daga Instagram, hoton kafin a yi da na bayan an yi. Ita ma ta duƙufa bincike a waya, abin da ta karanto min kuwa shi ya hana ni barci. Ashe lesar ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai lamba 585 ko 595, wadda ke farautar ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da tabon, ta rage ja da ƙaiƙayi. To amma sinadarin da ya ba fatarmu launinta shi ma yana shan wannan hasken, don haka mai duhun fata na iya ƙonewa, ko wurin ya yi baƙi ƙirin, ko ya koɗe. Akwai ta CO2 da ke huda ƙananan ramuka a jikin tabon domin nama ya sake tsaruwa, wasu likitocin ma ta ramukan suke shigar da magani. Sai mai lamba 1064, wadda aka ce ta fi nutsawa ciki kuma ta fi sauƙin haɗari ga baƙar fata.

Ga abin da ya tsaya min a rai, Likita. Jikin yarinyar nan ɗan huji na allura ya mayar da shi ƙululu. Lesa kuwa, ko da ilimi ake yinta, zafi ce ake kai wa fata da gangan. Me zai hana jikin nata ya ɗauki wannan ma a matsayin sabon rauni, ya sake tara nama? Kuma idan wurin ya yi baƙi ko fari, yana komawa daidai, ko tafiya ce ba dawowa? Ita tana zaman shago, tana shiga kasuwar Balogun sarin kaya cikin rana tsaka, alhali an ce bayan lesa sai an kiyaye rana sosai. Ta taɓa shafa man ƙara haske na ɗan lokaci kafin mahaifinta ya hana ta, ko wannan ma zai iya shafar aikin?

Sai batun kuɗi. An ce ba a yi sau ɗaya a gama, sai an yi ta komawa, kowane zuwa da kuɗinsa. Mu masu ƙaramin ƙarfi ne, ga hidimar biki a gaba. Ba na ƙyashin kashe mata, amma ina son in san ko lesa ita kaɗai tana maganin keloid, ko dole sai an haɗa da allura, ko mannin silikon, ko ɗan kunnen nan mai matse wurin. Idan sake yankewa za a yi a bi shi da allura ko gashin na'ura (radiotherapy), wanne ya fi dacewa da na kunne?

Ina kuma son ka faɗa min wa ya kamata ya riƙe na'urar. Na ji cewa hukumar HEFAMAA ce ke yi wa wuraren kiwon lafiya rajista a Legas. Ganin takardarsu a bango ya wadatar, ko sai lallai likitan fata, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa na LUTH ko LASUTH? Ya dace mu nemi a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri kafin a haska duka?

An sa bikin bayan Babbar Sallah. Ita so take a yi kafin lokacin, ni kuma ina tsoron a shiga da ita ɗakin miji da ɗanyen ciwo a kunne. Ka ba mu shawara, mu fara yanzu ko mu dakata. Idan kuma Allah ya kawo haihuwa ta zo da tiyata, akwai abin da ya kamata ta sanar da likitoci tun da wuri don kada wurin ɗinkin ya yi irin wannan tudun?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Uwar amarya, Agege, Legas